A koya wa amintattun gidajen tarihi aikinsu kafin a ba su kujera

A watan Agustan 2023 gidan tarihi na British Museum da ke Landan ya sanar cewa an yi masa sata a ma'ajiya. Daga baya aka ce kayan da suka ɓace ko suka lalace sun kai kusan 2,000, galibi ƙananan duwatsu masu zane da kayan ado na zinariya. Tun 2021 wani dillalin kayan tarihi ɗan Denmark ya sanar da gidan cewa yana ganin kayansu a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, aka yi biris da shi. Shugaban gidan, Hartwig Fischer, ya ajiye aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga cikin kayan ba su da cikakkiyar rajista. Wannan kuwa nauyi ne a wuyan kwamitin amintattu, domin su doka ta damƙa wa kayan.

Galibi attajirai da 'yan siyasa da manyan ma'aikatan banki ake naɗawa a irin wannan kwamiti, saboda su jawo kuɗi. Sun iya karanta kasafi. Amma wa ya koya musu su tambayi kaya nawa ne ba a rubuta ba, yaushe aka yi ƙidaya ta ƙarshe, wa ke shiga ma'ajiya shi kaɗai, kuma ina ƙorafin mai fallasa yake zuwa? Wasu za su ce aikin ƙwararrun ma'aikata ne. Ban yarda ba. Wanda bai san aiki ba, ba zai iya sa ido a kan mai yin sa ba, kuma kundin ɗa'a na ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, wanda aka amince da shi a 1986 aka sabunta a 2004, ya ɗora alhakin kare kayan a kan hukumar gudanarwa.

Rashin sanin nan yana da tsada. A 2014 majalisar garin Northampton da ke Ingila ta sayar da mutum-mutumin Sekhemka na tsohuwar Masar a kan sama da fam miliyan 15, gidajen tarihinta suka rasa shaidar amincewar hukuma saboda sayarwar ta saɓa wa ƙa'idar aiki.

Maganar ta shafe mu. A 2022 amintattun gidan tarihi na Horniman da ke Landan suka amince su mayar wa Najeriya kayan tarihin masarautar Benin 72 da aka wawashe a 1897. Kaya suna dawowa gida, don haka duk wanda za a naɗa a NCMM, hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya, a fara zagayawa da shi ma'ajiyar Jos da ta Gidan Makama, a buɗe masa littafin rajista, ya gwada abin da ke rubuce da abin da ke kan kanta.