Ba Seminole ba ne Turawa suka tarar a arewacin Florida

Da yawa idan aka ce 'yan asalin Florida ta Amurka, Seminole ne ke faɗo musu a rai. To, ba su ba ne Turawan farko suka tarar. Lokacin da Faransawa suka gina sansanin Fort Caroline a 1564, Sifaniyawa kuma suka kafa garin St. Augustine a 1565, 'yan ƙabilar Timucua ne masu ƙasa a arewa maso gabashin Florida har zuwa kudancin Georgia.

Kuma ba sarki ɗaya gare su ba. Masarautu ne barkatai masu harshe guda, wasu ma ba sa ga maciji da juna, kamar sarki Saturiwa da Utina, da kowannensu ya nemi Faransawa su kama masa yaƙi. Masara suke nomawa, dangi kuwa ta wajen uwa ake bi.

Cututtukan baƙi, aikin dole, da farautar bayi daga Carolina, yankin mulkin mallakar Ingila da ke arewa, suka ƙarar da su. A 1763 'yan tsirarun da suka rage suka bi Sifaniyawa zuwa Kyuba. Su Seminole sai a ƙarni na 18 suka haɗu suka zama ƙabila, akasarinsu 'yan ƙabilar Creek ne da suka gangaro daga arewa.