Daga Bradman zuwa Shago: kewar gwanayen da ido bai gani ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Leeds, a arewacin Ingila, kuma sai da na cinye kusan rabinsu kafin na yarda na taka filin kurket, domin a ganina wasan da za a kwana biyar ana yi, a tashi shan shayi a tsakiyarsa, wani lokaci ma a watse babu wanda ya ci, ba na mai neman abin kai wa bakin salati ba ne. Wani abokin aikina ɗan asalin Pakistan ne ya matsa mini har na bi shi filin Headingley. Ranar ruwan sama ya tsayar da wasa fiye da awa biyu, aka ja manyan tamfol aka rufe tsakiyar fili, jama'a suka buɗe lema suka fito da guzurinsu, sai hira ta ɓarke a layin kujerunmu a kan tambaya guda: da za a ba ka damar komawa baya ka kalli ɗan wasa ɗaya da ba ka riska ba, wa za ka zaɓa?

Abokina bai yi jinkiri ba ya ce Fazal Mahmood, mai jifan ƙwallo da ya fitar da masu duka goma sha biyu daga wasa a filin Oval na Landan a 1954, Pakistan ta doke Ingila tana sabuwar shiga, sannan ya ƙara da Hanif Mohammad, wanda ya yi minti 970 yana tsaye da sanda a Bridgetown a 1958 har ya tara maki 337 ya hana a ci ƙasarsa. Wani mutum da iyayensa suka zo daga tsibiran Karebiyan ya ce shi Garfield Sobers yake so, amma Sobers na 1958, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya da ya yi 365 a Kingston ba a fitar da shi ba. 'Yan Yorkshire kuwa, yankin da Leeds take, ba sa barin gida: wani ya ce Fred Trueman, mutum na farko da ya fitar da 'yan wasa 300 a manyan wasannin ƙasa da ƙasa, wani ya ce Sydney Barnes, wanda ya fitar da 189 a wasa 27 kacal, kuma ya yi shekaru yana yi wa ƙaramin kulob na Saltaire wasa a nan kusa da Bradford. Da aka gama zagaye, kowa ya dawo kan suna ɗaya, kamar yadda hirar malamta take dawowa kan babban malamin gari, wato Don Bradman na Ostireliya.

Ga wanda bai san wasan ba, ana auna mai dukan ƙwallo ne da matsakaicin makinsa, wato a raba dukan makin da ya tara da yawan lokutan da aka fitar da shi. Wanda ya kai hamsin gwani ne, waɗanda suka kai sittin kuwa ba su da yawa a duk tarihin wasan. Bradman ya buga manyan wasannin ƙasa da ƙasa 52 tsakanin 1928 da 1948, ya tara maki 6,996, matsakaicinsa 99.94. A fitowarsa ta ƙarshe a Oval a 1948, maki huɗu kawai yake bukata lissafin ya cika ɗari cif, sai Eric Hollies ya fitar da shi a jifa ta biyu bai ci ko ɗaya ba. A wannan fili na Headingley da muke zaune muna jiran ruwa ya ɗauke, ya taɓa cin maki 309 a yini guda a 1930, ya kammala da 334. Duk wanda ke layinmu ya san waɗannan alƙaluma a ka, har da yaro ɗan sakandare da ke gefen mahaifinsa, kuma sun karanto su da ladabi irin na mai kawo nassi.

Ina sauraronsu sai zuciyata ta koma dakalin ƙofar gidanmu a Gusau, inda mahaifina da abokansa suke zama bayan sallar isha'i, rediyo ko kaset na gefe ana jin Ɗan Anace. Hirarsu ita ce wannan hirar, sunaye ne kawai suka bambanta. Da an ambaci wani ɗan damben zamani sai a taɓe baki a ce ai dambe ya tafi da masu shi, ina ma ka ga Shago, ina ma ka ga ranar da suka haɗu da Ɗandunawa. Mafi yawan masu faɗin haka ba su taɓa ganin Shago da idonsu ba. Mahaifina kansa daga bakin yayansa ya ji labarin, amma idan yana kwatanta yadda Shago yake ɗaga hannun da aka naɗe da zare, yana karkata kafaɗa yana auna abokin karawa, sai ka rantse a layin gaba ya zauna ranar.

Kewar iri ɗaya ce, amma abin da take tsaye a kansa ya sha bamban, kuma a nan ne nake ganin akwai abin tattaunawa. Bature mai son kurket yana da littafi. Tun 1864 ake buga kundin Wisden kowace shekara, kuma tun wasan ƙasa da ƙasa na farko da aka yi a Melbourne a 1877 akwai takardar sakamakon kowane wasa: wa ya shiga, maki nawa ya ci, wa ya fitar da shi, ta wace hanya. Saboda haka idan ya ce ina ma ya ga Bradman, ya san tabbas abin da Bradman ya yi, abin da ya rasa shi ne yadda ya yi shi, domin hotunan majigi da suka rage gajeru ne, baƙi da fari, an ɗauko su daga nesa. Victor Trumper, wanda ya rasu a 1915 kuma tsofaffin Ostireliya suka riƙa cewa ya fi Bradman daɗin kallo, kusan hoto ɗaya ne ya riƙe sunansa a idon jama'a, wanda George Beldam ya ɗauka yana tsalle gaba da sanda a sama. Mu kuwa namu a juye yake. Mun san yadda Shago yake shiga fili, mun san kirarinsa, mun san yadda kalangu yake sauya murya idan ya miƙe, domin mawaƙi ya ajiye mana duk wannan. Abin da ba mu da shi shi ne ƙidaya: dambe nawa ya yi, mutum nawa ya kashe, sau nawa aka kashe shi, a wane gari, a turmi na nawa.

Na daɗe ina ɗaukan cewa su ne suka more, mu muka yi asara, kuma har yanzu ban janye rabin wannan ra'ayi ba. Mawaƙi ba alƙali ba ne. Yana da gwaninsa, yana da mai yi masa kyauta, kuma ɗan damben da bai sami makaɗi mai baki ba ya tafi kabari da bajintarsa. Wa ya san mazaje nawa ne a ƙauyukan Zamfara da Katsina da Maraɗi suka yi dambe a lokacin kaka, suka ka da duk wanda ya tsaya gabansu, amma yau ko jikokinsu ba su riƙe labarin ba? Takardar sakamako ba ta da wannan son kai, tana rubuta gwani tana rubuta rago.

Sai dai zama da masu alƙaluman ya nuna mini cewa lissafi ma yana da nasa ruɗin, domin yana sa mutum ya ɗauka zai iya ɗora zamani biyu a sikeli ɗaya. Kullum gardamarsu ita ce ko Bradman zai yi abin da ya yi da a yau yake wasa, ko kuma gwanayen baya-bayan nan irin su Sachin Tendulkar da Brian Lara za su kai labari da a zamaninsa suka zo. Tambayar ba ta da amsa, domin sunan wasan ne kawai bai sauya ba. A zamanin Bradman ba a rufe tsakiyar fili yadda ake yi yanzu, idan ruwa ya jiƙa shi rana ta fito sai ƙwallo ta riƙa tashi yadda ta ga dama. Babu hular kwano, domin sai ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa ta. Tafiya daga Ostireliya zuwa Ingila makonni ce a jirgin ruwa. A ɗaya ɓangaren kuma, bai taɓa buga babban wasa a wajen Ingila da Ostireliya ba, ƙasashe huɗu kawai ya kara da su, kuma wasa 37 cikin 52 ɗin da Ingila ya yi su. Bai fuskanci masu jifar lauje, wato masu murɗa ƙwallo, a zafin Indiya ba, bai tsaya gaban masu jifa mai gudu na Karebiyan irin su Michael Holding ba. Da Ingila ta shirya masa tarko a 1932 zuwa 1933, kyaftin ɗinta Douglas Jardine ya sa Harold Larwood ya riƙa auna jikin masu duka da jifa mai tsananin gudu, matsakaicin Bradman a wannan jerin wasanni ya sauko zuwa 56 da ɗoriya, wanda ga kowa abin alfahari ne, ga shi kuwa faɗuwa. Kowane ɓangare na gardamar yana ɗaukar abin da ya yi masa daga cikin waɗannan ya bar saura. Haka dattawan dakalinmu suke yi idan suna kwatanta damben dandali na da, wanda ake yi don suna da budurwa da girman gari, da na gidajen dambe na yanzu a Kano da Abuja, inda akwai tikiti da alƙalin wasa da kyautar mota, kuma ana ɗauka a waya a watsa wa duniya kafin wanda aka kashe ya karkaɗe ƙasar jikinsa.

Wani abin da ban zata ba shi ne cewa kurket ma yana da nasa Shagon, wato gwanayen da littafin bai kama ba. Masu wannan hira sukan yi jimamin Barry Richards na Afirka ta Kudu, wanda ya buga wa ƙasarsa wasa huɗu kacal a 1970 ya ci maki 508, sannan aka kulle ƙasarsa daga wasannin duniya fiye da shekara ashirin saboda mulkin wariyar launin fata. Jimamin yana da hujja, amma shi aƙalla ya sami huɗun. Baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba a ƙasar ko ƙofar ba a buɗe musu ba. Basil D'Oliveira ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wasa a filayen unguwannin Cape Town, sai a 1960 ya sami hanyar zuwa wani ƙaramin kulob a Middleton kusa da Manchester, kuma sai a 1966 ya fara buga wa Ingila, ya riga ya haura talatin. Abin da ya yi yana ɗan ashirin da biyar, da abin da takwarorinsa da ba su sami fita ba suka yi, mafi yawansa a bakin tsofaffin unguwa ya rage. Da na faɗi haka a layinmu, mutumin Karebiyan ne kawai ya gyaɗa kai, sauran suka ɗan yi shiru. Littafin da nake yi wa kallon adali, ashe wanda aka bari ya shiga fili kawai yake rubutawa.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma duk wannan buri na ina ma na gani a kan karin maganar yake tsaye. Wani dattijo da ke bayanmu ne ya sa na fara shakkarta. Ya haura tamanin, yana lulluɓe da bargo a gwiwa, bai sa baki ba sai da aka lafa, sannan ya ce shi ya ga Bradman. Mahaifinsa ne ya kawo shi wannan fili a ranar ƙarshe ta wasan 1948, yana ɗan shekara tara, ranar da Ostireliya take bukatar maki 404 don ta ci Ingila kuma ta cim musu, Arthur Morris ya ci 182, Bradman ya ci 173 ba a fitar da shi ba. Nan take kowa ya juya, har yaron nan ya miƙe tsaye. Aka tambaye shi yaya mutumin yake, yaya yake riƙe sanda, yaya ƙarar dukansa. Ya yi dariya ya ce abin da ya riƙe shi ne cunkoso, da bayan rigunan manya, da wani ɗan ƙaramin mutum can nesa cikin fararen kaya, da kuma yadda mahaifinsa bai ce uffan ba har suka isa gida saboda an ci Ingila. Duk sauran abin da ya sani game da ranar, in ji shi, daga baya ya karanta.

Na tabbata da yayan mahaifina yana raye na titsiye shi, abin da zai ce ya gani a ranar Shago ba zai wuce haka da yawa ba: ƙura, ihu, kafaɗun mutane, sai kuma aka ce an yi kisa. Dambe yakan ƙare cikin ƙiftawar ido, kuma wanda ke layi na biyar labari yake ji kamar wanda ke gida. Hoton da ke kan mahaifina, mai tsabta, mai ɗauke da kowane motsi, Ɗan Anace ne ya zana shi, kamar yadda marubuta da takardun sakamako suka zana Bradman ɗin da ke kan yaron nan ɗan sakandare. A ganina wanda ake kewar shi ne wannan zanannen, kuma da za a mayar da masu burin baya a zaunar da su a filin, da yawansu za su dawo suna cewa mutumin bai kai yadda aka faɗa ba.

Da muke komawa gida a motar abokina, na nemo waƙar Shago a waya na kunna masa, ina fassara masa abin da ya fassaru. Ya saurara da kyau, yana buga sitiyari da yatsa daidai da kalangu, sannan ya yi mini tambayar da duk ɗan kurket zai yi: to sau nawa ya yi nasara, sau nawa aka doke shi? Na ce zan tambaya. Da daddare na kira mahaifina, bayan gaisuwa da tambayar jikoki na ce, “Baba, wai Shago mutum nawa ya kashe a rayuwarsa?” Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya yanke, sannan ya ce, “Kai kuma, zama cikin Turawa ya koya maka tambayar banza. Wa ya tsaya ƙirga? Kowa ya zo kashe shi yake yi.” Na ce to ba a taɓa kashe shi ba ke nan. Ya ce wannan kuma sai in na zo gida, magana ce mai tsawo, kuma katin wayata zai ƙare.