Wanda jarinsa ya karye, kada ya kashe waya

Ƴan'uwana ƴan kasuwa, musamman sa'o'ina masu yara da suka fara tasawa, akwai maganar da kowa ya sani amma ba a son tayar da ita a fada: karyewar jari, da halin da mutum ke nunawa bayanta.

A Maraɗi ba sai ka yi wauta kake karyewa ba. Iyayenmu sun ga Janairun 1994, da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Mu kuma mun ga Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk wanda abincinsa ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya ji a jikinsa. Ga naira da ta yi ta zubewa, mai bin mutanen Katsina ko Kano kuɗi ya karɓa ya canza, ya tarar ko uwar kuɗin ba ta fito ba. Saboda haka ban ga abin kunya ba a karyewa. Abin da ke ba ni kunya shi ne mutum ya kashe waya, ya canza layi, ya canza masallaci, ya koya wa ɗansa cewa "Baba ya yi tafiya" alhali yana kwance a ɗaka.

Kasuwar garin nan da yarda aka gina ta. Ubangida ya ɗora maka kaya ba takarda ba jingina, ka sayar ka kawo, ya ƙara maka. Da haka alhazai da yawa suka tashi. Wanda ya ba ka kaya a kan fuska ya san asara, shi ma ya taɓa yi. Abin da ba ya yafewa shi ne ɓuya, domin ranar da ka ɓuya ka gaya masa kuɗinsa sun mutu, kuma kafin la'asar labarin ya zaga rumfuna.

To ka je. Ka nemi dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, ku same shi a gida, ba a bakin kanti cikin jama'a ba. Bayan gaisuwa ka ce: "Alhaji, ban zo da kuɗinka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar rana ba. Jika 800 kake bi na. Abin da zan iya shi ne jika 10 duk Juma'a." Zai yi faɗa, wataƙila ya tuna maka alherin da ya yi maka tun kana yaron shago. Ka sunkuyar da kai ka shanye, haƙƙinsa ne. Amma kada zafin faɗan ya sa ka ce jika 50 don a rabu lafiya. Jika 10 da ke zuwa ba fashi ta fi jika 50 da za ta zo sau biyu ta ɗauke. Ranar da ka rasa kuma, kai za ka fara kira tun Alhamis, kada ka bari shi ya neme ka.

Kuma a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu sai mu ce "haba, tsakaninmu har sai da takarda?" Gobe ɗayanku ya faɗi ya mutu, magada su yi ta jan juna zuwa jastis. Kaye ɗaya ya isa: suna, adadi, ranar biya, hannun mutum biyu.

Babban tarkon da ke cinye masu neman tashi shi ne cin sabon bashi don toshe tsoho, musamman wajen masu ba da kuɗi da ruwa. Ban da haramcin riba, yi lissafin da kanka. Kashi 10 cikin 100 duk wata ya zama kashi 120 a shekara. A 2014 hukumomin kuɗi na UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun ƙayyade iyakar ruwan da banki zai ɗora a kashi 15 a shekara, na ƙananan asusun ba da rance kuma kashi 24. Wane buhun wake ko na aya ne zai ba ka ribar da za ta cike 120?

Wanda bashinsa na banki ne ko na irin waɗannan asusun, ya sani yanzu ba a mantuwa. Akwai ofishin tattara bayanan masu cin bashi da babban bankin BCEAO ya amince da shi, inda masu ba da rance ke duba tarihin mutum kafin su ba shi. Barin wannan banki ka koma wancan ba ya goge komai. Biyan da kake yi a kan lokaci shi ma yana shiga, kuma kana da damar neman ganin abin da aka rubuta a kanka, ka sa a gyara idan da kuskure. Mai kamfani ko babban ɗan kasuwa kuwa, dokar OHADA da aka sabunta a 2015, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta buɗe ƙofar sulhu da masu bin bashi tun kafin a kai ga sayar da dukiya. Ƙofa ce ta wanda ya zo da wuri.

Sai maganar ido. Mutanen da kake roƙo su yi maka haƙuri suna kallon ka. Ba zai yiwu ana bin ka ba, a ga sabuwar shadda duk sati, ko a ji ka yanka sa a bikin suna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Ku ma masu bi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma waɗanda ake bi bashi na cikin mutum takwas da ake ba zakka. Ƙwace keken ɗinkin tela ba ya kawo kuɗinka.

Yarda kuwa da ƙanana take dawowa. Ka karɓi katan ɗaya na sabulu, ka biya kafin ranar. Ka shiga adashen da zubinsa bai fi ƙarfinka ba, ka yarda a sa ka a ɗaukar ƙarshe. Matanmu sun riga mu gane wannan. A yankin nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da ɗan zubi na mako da akwatin ƙarfe, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Yanzu ga abin da ya fi damu na, wato yaranmu. Yaro ɗan shekara 15 ya riga ya fara cin bashi ba ka sani ba. Yana rancen kiredi a waya, ana zare masa da ƙari da ya sa kati. Mai shayi na bin shi, mai cajin waya na bin shi, wani ma cacar ƙwallo ta fara jan shi, yana ranta yau da fatan ci gobe. Mu kuma mun ɓoye musu komai, sun ɗauka kuɗi daga aljihun Baba suke tsirowa. Wa'azi kaɗai ba ya koyar da wannan. A Suratun Nisa'i an ce a jarraba marayu, sai an ga hankalin riƙo a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. In haka ne ga maraya da dukiyarsa ta kansa, ina ga ɗanka da dukiyar mutane?

Lokacin hutun lakwal, ka ranta masa jika 5, ka ce rance ne, ba kyauta ba. Ya sari ruwan sanyi ko dabino, ya rubuta a kayensa, ya dawo da jika ɗaya duk mako. Ya makara, kada ka daka masa tsawa, kada kuma uwarsa ta biya masa a ɓoye (a nan ake ɓata yawancinsu). Ka zaunar da shi ya nuna maka inda kuɗin suka shiga, ka bar shi ya zo da bakinsa ya nemi ƙarin lokaci. Ɗiya mace ma haka, ita da gobe za ta riƙe adashe da cefane. Ka koya musu tambaya kafin su karɓi komai: nawa zan mayar gaba ɗaya, yaushe, kuma daga ina zai fito? Rance don saro abin sayarwa daban, rance don sabuwar waya daban.

In kai ne ka karye, kada ka ɓoye wa babban ɗanka. Ranar Juma'a ka ba shi jika 10 ɗin nan ya kai wa Alhaji da hannunsa, ya tsaya a rubuta a gabansa, ya dawo maka da kayen ku rage lissafin tare.