Hanyar ma'aikatan ruwa da ta zama hanyar masu keke

Duk lokacin da na tura wa abokaina na Kano hotunan hanyar keken nan ta kudancin Italiya, amsa iri biyu nake samu. Akwai masu cewa Turawa dai sun ƙoshi, in ba ƙoshi ba me zai sa magidanci mai motar kansa ya hau keke yana haki a ƙauye. Akwai kuma masu cewa ai kamata ya yi gwamnatinmu ta gina mana irinta don a jawo masu yawon buɗe ido. Na farkon dariya kawai suke ba ni. Da na biyun nake son mu yi magana, domin babu wanda ya zauna a nan ya ce bari a shimfiɗa wa masu yawo hanya. Ta ma'aikatan ruwa ce, masu keke daga baya suka tsince ta.

Yankin sunansa Puliya, can kudu maso gabashin ƙasar, babban birninsa Bari, inda nake zaune. Ƙasa ce ta farin dutse mai ramuka, ruwan sama na sauka sai ya zurare ƙarƙashi, ba wani kogin a zo a gani in ka cire Ofanto da ke arewa. Tun zamanin Rumawa ake mata kirari da ƙasar ƙishirwa. Mutane sun rayu da ruwan saman da suke tarawa a ramukan da suka fafe cikin dutse, kwalara da taifot na zuwa lokaci lokaci suna ɗiba. A 1868 wani injiniya, Camillo Rosalba, ya ce a je bayan tsaunuka, garin Caposele, inda kogin Sele ke ɓuɓɓugowa, a juyo da ruwan da Allah ya nufa da yamma ya koma gabas. Aka yi shekara da shekaru ana ja-in-ja. Ɗan majalisa Matteo Renato Imbriani ya yi ta kumfar baki a kan maganar har ya rasu a 1901, shekara guda kafin a sa hannu a dokar aikin. An fara haƙa a 1906, ruwa ya fito a Bari ranar 24 ga Afrilu 1915, bai kai bakin teku a Santa Maria di Leuca ba sai 1939.

Babbar magudanar ta kusa kilomita 250, kuma babu injin da ke tura ruwan cikinta. Gangare kawai aka auna, kaɗan kaɗan, yadda ruwa zai yi ta tafiya da ƙafarsa. Inda tsauni ya tare aka huda shi, irin waɗannan ramuka sun kusa ɗari, na farkon kaɗai wajen kilomita 15 ne. Inda kwari ya tare aka ɗora ruwan a kan gadar dutse. To, abu irin wannan ba a gina shi a juya baya. Dole kullum a samu mai bi yana dubawa, shi ya sa aka yi hanyar tsakuwa a samansa ko a gefensa, aka gina wa masu gadi gidaje jefi-jefi. Wannan hanyar ce yau ake mayarwa ta keke, da burin ta haɗa Caposele da Leuca, wajen kilomita 500, ta ratsa yankuna uku: Kampaniya, Basilikata da Puliya.

Inda na fi sani shi ne kwarin Itria, tsakanin garuruwan Cisternino, Locorotondo da Ceglie Messapica, nan ne aka fara buɗe ɗan guntun farko a 2014. Tsakuwar fara ce, an daddaɓe ta, taya na tafiya a kai tana ƙas-ƙas. Hawa babu, gangara babu, don ruwan da ke ƙarƙashinka shi ya zaɓi hanyar ba kai ba. Dama da hagu katangu ne na duwatsun da aka jera ba siminti, bayansu zaitun da ɓaure da inabi, sai ɗakunan nan nasu na dutse da suke kira trulli, masu tsinin kai kamar rumbun ƙauyenmu an ɗora masa hula. Can sai ƙasa ta buɗe, ka ga kanka a kan gada siririya mai dogarin ƙarfe, tsuntsaye na shawagi ƙasa da kai. Ruwan ba ka ganinsa, a rufe yake. Amma akwai wasu 'yan ɗakuna masu ƙofar ƙarfe inda ma'aikata ke shiga dubawa, in ka jingine keken ka kara kunne a ƙofar za ka ji gurnaninsa, ƙarfen kuma da sanyi ko da rana ta take.

A cikin garuruwan za ka tarar da famfunan ƙarfe na kan titi, tsofaffi, da yawansu an buga musu shekarar 1914 a jiki, har yanzu suna zuba. Na sha ganin tsohuwa ta zo da kwalabenta ta cika, alhali akwai famfo a gidanta, wai na titin ya fi daɗi. Shawara ga ɗan uwa Musulmi da zai zo: gasasshen naman da Cisternino ta yi suna a kai da busasshen naman Martina Franca galibi alade ne. Ka tambaya kafin ka miƙa hannu. Burodi da cuku da tumatir sun ishe ka guzuri, kuma ka guji watan Yuli da Agusta, ranarsu ba ta da wasa.

Kada wani ya ɗauka waliyyai nake ba da labari. Kilomita 500 ɗin nan yawancinta a takarda take. Tun 2016 gwamnatin ƙasar ta sa hanyar cikin jerin manyan hanyoyin keke da za ta kashe wa kuɗi, amma har yanzu a wurare da dama ƙofa ce a kulle za ta tare ka, ka fita ka bi kwalta tare da motoci. 'Yan Italiya da kansu suna da tsohuwar ba'a cewa aikin ruwan nan ya ciyar fiye da yadda ya shayar, wato 'yan kwangila da 'yan siyasa sun fi kowa morarsa. Girgizar ƙasar Nuwamba 1980 ta lalata ramin farkon, aka kwashe shekaru talatin da ɗoriya ana fama da gina na biyu. Kuma a ƙasar baki ɗaya, sama da kashi 40 cikin ɗari na ruwan da ake sakawa a bututu yana tsiyayewa kafin ya kai gida. Cuwa-cuwa da jan ƙafa ba mu muka ƙirƙiro su ba. Bambancin da na gani guda ne: duk rigimar da suke yi, ba a taɓa barin magudanar ta mutu ba, kuma ba a daina bin ta ana dubawa ba.

Mu ma ai ba jiya muka fara ba. Gidan ruwan Challawa tun wajen 1930 yake, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wato shekara goma sha biyar kacal bayan ruwa ya shiga Bari. Dam ɗin Tiga an gama shi a 1974 lokacin Audu Bako, aka ja babban kanal daga can ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Kadawa. 'Yan uwanmu na Damagaram sun fi kowa sanin tsadar ƙishirwa, tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedkwata daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Amma yau a unguwanni da yawa na Kano yaro zai tashi ya girma bai ga ruwan gwamnati a famfon gidansu ba. Mai garuwa ya sani, da kurarsa da jarkokinsa, sai rijiyar burtsatsen maƙwabci mai hali.

Wanda ya taɓa bin gefen kanal ɗin Kadawa da sanyin safiya a lokacin noman rani ya san ba a fi mu abin kallo ba. Shinkafa kore shar, tumatir ja wur a kwanduna, balbelu na bin garma. In da ana share kanal ɗin daga kachalla da yashi a kan kari, ana cike ramukan hanyar gefensa don motar masu gyara ta wuce, da hanyar keke ta samu ba tare da an yanka kintinkiri ba. Abin da nake tsoro shi ne a fara daga wutsiya: a ba da kwangilar shimfiɗa hanyar yawo, a kafa allo, a ɗauki hoto, damina biyu ta cinye ta. Ga kuma maganar tsaro, wadda ba sai na tsaya bayani ba ga duk wanda ya san dajin Falgore.

Sai batun keken kansa. A wajenmu ya zama tambarin talauci, wanda ya samu babur ba ya waiwayarsa, doguwar tafiya a kai kuwa sai in za a je taya wani ɗan siyasa murnar cin zaɓe. Alhali iyayenmu da Raleigh suka ci kasuwannin ƙauye, buhu a kariya, famfo da kayan faci a ɗaure ƙarƙashin sirdi. A Puliyan ma keke iri biyu ne. Akwai na likita da lauya masu hular kwano da ke bin magudanar ran Lahadi. Akwai kuma na 'yan uwanmu 'yan Afirka ta Yamma da ke tsinkar tumatir a gonakin Foggia da ke arewacin yankin, waɗanda ke fita da asuba a kan tsofaffin kekuna marasa fitila, suna raɓe a gefen kwalta manyan motoci na wuce su. Da yawansu suna kwana a bukkokin kwano da leda irin na sansanin Borgo Mezzanone da ke kusa da Foggia, inda sau da yawa a tanki ake kawo musu ruwan sha da mota, a cikin yankin da ya yi shekara ɗari yana alfahari da famfo.