Hoton da Ya Bar Wayarki Ya Fita Daga Ikonki

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan matan Nima, Mamobi, Fadama da Sabon Zango a birnin Accra. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, to hoto ya fi ta wuyar mayarwa. Hoton tsiraici nake nufi, wanda ake tura wa saurayi da dare da sunan "ai aure za mu yi". Haramcinsa kun sha ji a makaranta da wajen tafsiri, don haka zan tsaya a kan hanyoyin da yake bi ya fita, tunda da yawanku kun dogara da maɓallan da ba su kare kowa.

Ƙanwata, maɓallin kallo sau ɗaya na WhatsApp yana hana a kwafi allon ne kawai. Wanda ke da waya ta biyu, ko abokinsa na zaune kusa, ɗaukar allon zai yi da kyamara, kuma babu saƙon da zai sanar da ke. Gogewa ga kowa tana aiki ne cikin kamar kwana biyu, kuma ba ta da iko a kan abin da aka riga aka tura wa wani ko aka kwafa zuwa wata ma'ajiya. A taki wayar ma, abin da kika goge bai tafi ba: a iPhone da Samsung yana kwana 30 a kwandon shara, a Google Photos kuwa wanda aka adana a intanet yana kai kwana 60.

Wannan kwandon ne ke tona asiri ranar da gilashi ya fashe aka nufi Tip Toe Lane, kasuwar wayoyi da ke Circle. Masu gyara da dama mutanen kirki ne, amma wayar takan bi hannun yaran shago biyu ko uku, kuma kin bar musu lambar buɗewa. Canjin gilashi ko batir ba ya bukatar lambarki. Idan za a gwada, ki buɗe da kanki kina tsaye. Cire layi da katin ajiya kafin ki miƙa. Sababbin wayoyin Samsung na da Maintenance mode a cikin saiti, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har sai kin dawo. Idan sayar da wayar za ki yi, fitar da asusun Google ɗinki, sannan ki mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Akwai kuma aron waya. "Ba ni in yi kira" na minti ɗaya ya isa mutum ya haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, ya riƙa karanta hirarki daga ɗakinsa. Shiga Linked devices yau ki duba. Na'urori har huɗu ake iya haɗawa, duk wadda ba ki gane ba ki fitar da ita. Sai ki kunna Two-step verification ki sa lamba shida da ke kaɗai kika sani, kada ta zama ranar haihuwarki. Lamba shidan da ke shigowa ta tes kuwa ba a ba kowa, ko da mai kiran ya ce zai saka ki a zauren karatun WASSCE ko na addu'a. Da ita ake ƙwace asusu, a bi 'yan uwa ana roƙon MoMo da sunanki.

Yanzu gare ku samari, kuma a nan zan ɗaga murya. Yarinyar da ka matsa wa da "idan kina sona ki turo" 'yar wani ce, a layinku take, babanta sahu ɗaya kuke sallah. Dokar tsaron intanet ta Ghana, Act 1038 ta 2020, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga wanda ya yaɗa irin wannan hoto ba da yardar mai shi ba, kuma barazanar yaɗawa ma laifi ce. Wanda ya riƙe hoton yana neman ƙarin hotuna ko lalata, hukuncinsa shekara 10 zuwa 25 ne. Idan yarinyar ba ta kai 18 ba, ajiye hoton kaɗai a wayarka laifi ne, ko da turo maka aka yi a zauren abokai. Kar ka manta layinka da Ghana Card ɗinka aka yi masa rajista.

Ku ma ana farautarku. Wata kyakkyawa a Facebook ta ja ka zuwa kiran bidiyo, a naɗe ka, gari na wayewa a ce ka turo sidi kaza ko a aika wa iyayenka.

Idan abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai kuɗi, zai dawo. Kada a goge hirar cikin firgici, ita ce shaida: a ɗauki hoton saƙonnin, lambar wayarsa, lambar MoMo da ya bayar, da rana da lokaci, sannan a toshe shi. A kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, ko a je ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta. Wanda ya kai 18 zai iya amfani da shafin intanet na StopNCII, na ƙasa da haka kuma shafin Take It Down. Ba sa karɓar hoton kansa, wani tambarin lambobi suke cirowa daga gare shi a cikin wayarka, wanda Facebook, Instagram da TikTok ke amfani da shi su tare hoton idan an ɗora. Ba ya kaiwa cikin hirar WhatsApp, saboda rufaffiya ce, shi ya sa kai ƙara da wuri ke da amfani.

Iyaye da yayye, idan yarinya ta zo muku da wannan tana kuka, a ajiye bulala tukuna. Mai barazanar da tsoron da take yi muku yake cin kasuwarsa. A karɓi wayar a adana shaidar, babba ɗaya ya raka ta ofishin a ranar.