Gaisuwar da Na Yi Shekara Talatin Ina Tanadi

Ni mutum ne wanda idan aka aike shi cefanen abu uku sai ya dawo da biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ba shi aka ce ya sayo ba. Sau biyu na'urar cirar kuɗi tana haɗiye mini kati saboda na manta lambobi huɗu kacal. Amma wannan kan nawa yana riƙe da wata doguwar magana ta harshen Indiyanci da na ji a fim tun wajen 1994, ba tare da ko gaɓa ɗaya ta zube ba.

Duk wanda ya tashi a Kano a wancan zamani ya san yadda abin yake. Yayyenmu suna zuwa silima irin su Marhaba da Plaza da Eldorado, mu kuwa da kuɗinmu bai kai ba sai mu cika falon wani maƙwabci mai bidiyo, mu zauna a kan tabarma muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Ba a fara fassara finafinan Indiya zuwa Hausa ba tukuna, saboda haka kowa ma'anar da ta yi masa yake ba abin da ya ji. A wani fim, jarumin ya tsaya gaban wani dattijo mai farin gashi, ya haɗa tafukan hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya yi magana cikin rawar murya, goge yana kuka a bayansa. Babban cikinmu, wanda muke ɗauka masani domin ya taɓa shiga silima sau huɗu, ya tabbatar mana cewa haka ake gaida manya a Indiya. Mun mayar da kaset ɗin baya har ya fara tsalle, muka riƙa rera maganar a hanyar makaranta da bakin famfo, da kiɗanta da rawar muryarta. Malaminmu na allo ya sha cewa da rabin wannan naci muka ba karatu, da tuni mun sauke.

A watan jiya uwargida ta aike ni Kantin Kwari in sayo mata atamfa ta ankon bikin ƙanwarta, ta faɗa mini kalar sau uku, ta so ta rubuta mini na ce ai ni ba yaro ba ne. Ina shiga wani babban shago sai na ga wani dattijon Ba'indiye zaune kusa da mai shagon suna lissafi, da farin gashinsa sak irin na fim ɗin. Nan take zuciyata ta raya mini cewa ranar da na yi shekara talatin ina jira ta zo. Na gyara zaman hulata, na haɗa tafuka, na sunkuya, na zubo maganar daga farko har ƙarshe, har da rawar muryar.

Mutumin ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallona, sannan ya amsa da Hausar da ta fi tawa tsabta: "Malam, 'ya'yana uku ne, kuma duka maza. Amma idan ka dage, tashar jirgin ƙasa ba ta da nisa daga nan."

Da ya ga ban gane ba, sai ya bayyana mini a gaban yaran shago da masu sayayya cewa abin da na ce shi ne ya ba ni auren 'yarsa, in ba haka ba zan kwanta a kan layin dogo. Mai shagon ya yi dariya har ya riƙe ciki, wani ɗan dako ya ce, "Baba, Allah ya ba da sa'a," wata hajiya kuma ta tambaya ko uwargidana ta san da maganar.

Na nuna atamfar da hannuna ya fara kaiwa, na biya ba tare da neman ragi ba, na fito. Da na isa gida uwargida ta buɗe ledar, ta dubi ruwan goro a inda ta ce shuɗi, ta ce, "Maigida, wai me ke cikin kan nan naka?" Ban amsa ba, domin a daidai lokacin gogen ya sake tashi a kunnena, jarumin kuma ya fara daga farko.