Ni ma na ga wannan a gidanmu

Wallahi wani labari da na gani ya taɓa ni, musamman inda aka ce masu buƙata ta musamman da ke fitowa kai tsaye a TikTok suna fama da damuwa a ɓoye. Ƙanwata shan-inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana ƙarama, yanzu turaren wuta take sayarwa ta wannan hanyar. Sa'a biyu tana fara'a a gaban waya, amma da ta kashe sai ta kifa wayar a kan tabarma ta yi shiru, ko abinci ba ta taɓawa. Ashe wani ne ya rubuta mata wai bara ta zo yi.

Abin da ya taimaka mata shi ne ta ɗora ƙawarta a kan toshe masu zagi, ta kuma ware Juma'a ba ta fitowa sam. Da rashin barci ya yi yawa muka kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, duk da surutun dangi.

Tun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu naƙasa a Najeriya, amma mu masu kallo har yau ba mu gyara bakinmu ba. Don Allah in kun ga ta gaji, ku bar ta ta sauka ta huta.